Mai kisan bai fito ba sai a shafin ƙarshe: wannan adalci ne ga mai karatu?

Uwar Biyu

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu karanta littattafan bincike ce. Idan marubuci ya kafa labarinsa a kan kisa, ya ce mana ba a san wanda ya yi ba, shin wajibi ne ya ajiye mana alamun da za mu iya gano mai laifin da kanmu, ko yana da ikon ya ɗauko duk wanda ya ga dama a ƙarshe ya ce ga shi nan?

Ni ban karanci adabi ba. Nas ce, kuma yawancin karatuna a aikin dare nake yin sa. Idan an gama raba maganin ƙarfe goma, an duba masu ƙarin ruwa, masu jinya sun shimfiɗa tabarminsu a baranda, to daga nan zuwa kiran assalatu akwai sarari, in dai Allah ya sa babu wanda jikinsa ya rikice. Labarin soyayya barci yake sa ni. Wanda ke riƙe min ido shi ne wanda aka tsinci gawa a babin farko.

Abin da ya jawo maganar, wani littafin Hausa na gama kwanan nan, irin wanda ake biyan kuɗi a shiga rukunin WhatsApp ana turo shi kaɗan-kaɗan. Ba zan faɗi sunansa ko na marubuciyar ba, don ba cin fuska na zo yi ba, kuma ta iya rubutu. Farkonsa ya yi kyau ƙwarai. An wayi gari an tarar da wani Alhaji a turakarsa babu rai, ƙofa a kulle ta ciki, makulli a jikinta, ga kofin shayin da ya sha rabi a kan durowa. Mata uku gare shi. Uwargida ce da girki a ranar, amma 'yar aikin ta tsakiya ce ta kai shayin. Amarya ta ce ta kwana gidansu, sai direba ya ce shi bai kai ta ba. Babban ɗa bashi ya yi masa katutu, yaron shago kuma an ga ya sayi sabon babur. Ni har takarda na samu ina rubuta wa ya shiga kicin bayan isha'i, wa ya fita, wa ke da makullin ƙofar baya. Abokiyar aikina ma ta shiga ciki, ita ta tsaya a kan amarya, ni na tsaya a kan direba, saboda an nuna shi sau biyu yana goge mota da tsakar dare ba dalili.

Sai ga ƙarshe. Wai wani ƙanen Alhajin ne da ke wani gari, wanda ko sunansa ba a taɓa ambata ba tun farkon littafin, ya je wurin boka aka turo aljani ya shaƙe shi. Ƙofar da aka kulle ta ciki ke nan an warware ta. Shayin ba komai a cikinsa. Direba, amarya, babur, duk an bar su a nan ba bayani. Wallahi raina ya ɓaci, na ji kamar ana tsakiyar dara abokin wasa ya zaro ɗa daga aljihu ya dasa.

Ba wai haushin rashin cinka nake ji ba. Na karanta And Then There Were None na Agatha Christie, wanda aka tara mutum 10 a wani tsibiri suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, babu jirgin zuwa babu na tafiya. Ban gano mai yi ba ko kusa. Amma da na kai ƙarshe na koma baya ina buɗe shafuka, sai na tarar komai yana nan a gabana, ita ba ta ɓoye ba, hankalina ta karkatar. Wannan kayen mai daɗi ne, har ka ji kana son a sake yi maka.

To me kuka gani? Ni ce na cika tsanani, ko dai akwai ƙa'ida? Kuma a ba ni shawarar abin da zan karanta, amma ban da masu yawan harbe-harbe da tseren motoci. Na gwada su, suna gajiyar da ni.

Tsohon Malami

Wa alaikumus salam, 'yata. Ba ki cika tsanani ba, kin yi gaskiya, kuma ƙorafin nan naki ya girme ki ya girme ni. A 1929 wani limamin cocin Katolika a Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma yana rubuta irin waɗannan labarai, ya fitar da ƙa'idoji 10. Ta farko ita ce mai laifin ya zama wanda aka ambata tun da wuri a labarin. Ta biyu, kada a warware matsala da abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Akwai wadda ta ce kada ɓoyayyen ɗaki ko ɓoyayyiyar hanya su wuce ɗaya, akwai wadda ta hana a fito da tagwaye kwatsam ba a shirya mai karatu ba, akwai kuma wadda ta ce kada mai bincike ya gano gaskiya don kawai sa'a ta faɗo masa. Marubuciyarki ta taka ta farko da ta biyu a shafi guda.

Amma inda zan rabu da ke shi ne maganar masu harbe-harbe. Kin yi musu kuɗin goro. Mu da muka yi sakandare wajen ƙarshen shekarun 1970, James Hadley Chase ne ya koya wa da yawanmu Turanci fiye da littafin aji. Littafi ɗaya sai ya zaga ɗakin kwanan ɗalibai kaf, bango ya yage, a naɗe shi da takardar jarida, dama ana naɗewar ne saboda hotunan matan da ke bangon. Mutumin nan Bature ne ɗan Landan, sunansa na gaskiya René Raymond, littafinsa na farko ya fito a 1939. Yawancin labaransa a Amurka ya kafa su, alhali da taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa ya yi aiki. A wurinsa ba a cika tambayar wa ya yi ba. Sau da yawa da mai laifin kike tafiya tun shafin farko: talaka ne mai kwaɗayi, ya ga dama ta samu, ya shirya dabarar da yake gani ba ta da ɓaraka, ke kuma kina kallon ɓarakar tana buɗewa a hankali. Abin da ke hana ki ajiye littafin shi ne ta ina asirinsa zai tonu. Wannan wani irin daɗi ne daban da na Christie, kuma ba ya ƙasa da shi.

In kina son ki ga iyakar wannan fasaha, nemi The Day of the Jackal na Frederick Forsyth, na 1971. Shi ne ɗan jaridar nan da ya yi rahoto daga ɓangaren Biyafara lokacin yaƙin basasa. Labarin a 1963 yake, an yi hayar wani maharbi ya kashe shugaban Faransa Charles de Gaulle. Kowa ya san ba a kashe de Gaulle ba, a gidansa ya mutu a 1970, kafin ma littafin ya fito. Ke nan kin san ƙarshe tun ba ki fara ba. Duk da haka zuciyarki za ta riƙa dukan uku-uku, domin ya bi da ke dalla-dalla: yadda aka samo fasfo na bogi, yadda aka ƙera bindiga ta musamman da za a iya ɓoyewa, yadda ɗan sandan da ke nemansa yake isa ko'ina a makare da 'yan sa'o'i. Harbin da ke ciki ba shi da yawa.

Namu na gida ma kada ki manta da su. A 1982 aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, dukansu daga gasar da gwamnatin tarayya ta shirya. Na biyun a kan fasa-ƙwauri yake. Ba na cinka-cinka ba ne, amma sun nuna Hausa tana ɗaukar labarin miyagu da masu bin sawunsu.

'Yar Zazzau

Anti, na fahimci ɓacin ranki, amma ni ban yarda da Baba a kan ƙa'ida ta biyu ba. Wannan limamin don mutanensa ya rubuta. Mu a nan, idan mai kuɗi ya kwanta lafiya lau aka tashi babu shi, kafin a dawo daga maƙabarta wasu a cikin gidan sun fara raɗa cewa sammu ne. Haka mutanenmu suke tunani, ko mun so ko mun ƙi. Marubucin da ya cire wannan gaba ɗaya daga labarin gidan Bahaushe ya rage wani abu na gaskiyar gidan. Laifin marubuciyar a ganina ba aljanin ba ne, rashin gabatar da shi ne. Da tun farko ta nuna an tono laya a bakin ƙofa, ko an ga wani yana yawan zuwa ƙauye da baƙin zakara, ko an ambaci rigimar gado tsakanin Alhaji da ƙanensa, da kin sa shi cikin lissafinki, kuma da ba ki ji an cuce ki ba. In duniyar labarin tana da aljanu, a faɗa mana tun da wuri, a kuma faɗa mana iyakar abin da suke iyawa.

Sannan a yi wa marubutan intanet adalci. Ina cikin rukunoni da yawa, ina ganin abin da ake yi musu. Yau ta turo shafi, kafin magariba an cika ta da saƙo: Anti ci gaba, Anti mun biya kuɗinmu, Anti kada ki kashe wane. Idan masu karatu suka cinki mai laifin tun a tsakiya suka yi ta faɗa a rukunin, wata sai ta ji kunya ta canja shi da ƙarfi don kada a ce an gano ta. Ina kyautata zaton abin da ya faru da direbanki ke nan. Shi ne mai kisan tun asali, aka gano, ta sauya hanya. Ga ta da miji da yara da girki, a waya take bugawa da babban yatsa.

Tsohon Malami

'Yar Zazzau, maganarki ta gabatarwa na karɓa. Ta turowa kaɗan-kaɗan ce ban karɓa ba. The Hound of the Baskervilles na Arthur Conan Doyle, labarin mai binciken nan Sherlock Holmes, wata-wata aka riƙa buga shi a mujallar Strand daga 1901 zuwa 1902, mutane na ɗokin fitowar kowane kashi, amma bai watse ba, domin mai shi ya san inda za shi kafin ya tashi. Kuma ki duba, shi ma da camfi ya fara: wani karen tsafi da aka ce yana bin zuriyar gidan yana kashewa. Kowa a yankin ya yarda da shi. Holmes ne ya tsaya a kan cewa abin da ya bar sawu a ƙasa yana da jiki.

Ɗan Gwanjo

Hajiya, ni sana'ata ce sayar da tsofaffin littattafai, a dila suke zuwa mana haɗe da na makaranta. Abin da na lura, masu neman Chase da Sidney Sheldon yawanci dattawa ne masu neman abin da suka karanta suna samari. Masu neman Christie kuwa mata sun fi yawa, kuma su ne masu dawowa su ce a ba su wani. Wanda ya ɗauki na leƙen asiri mai kauri sau da yawa ba na sake ganinsa.

Tunda ke nas ce, kuma rigimarku a kan sihiri ce, littafin da ya dace da ke shi ne The Pale Horse na Christie, na 1961. Zan ɗan taɓa sirrinsa, wanda bai so ya tsallake nan. Wasu mata uku ne a wani ƙauye da ake cewa suna kashe mutum daga nesa da tsafi, a biya kuɗi, su yi surkullensu, bayan 'yan kwanaki mutumin ya kwanta ciwo ya mutu, likita ya rubuta cutar da ya gani. Har mai karatu sai ya fara yarda. Ashe guba ce, taliyom, wadda a da ake sawa a maganin ɓera, kuma abin da ya haɗa mamatan shi ne zubewar gashi. Christie ta san magani sosai, domin ta yi aiki a ɗakin haɗa magunguna na asibiti a yaƙin duniya na farko da na biyu. A 1977 an kawo wata jaririya daga Ƙatar wani asibiti a Landan, likitoci sun rasa gane ciwonta. Wata nas da ke karanta wannan littafin ta ga gashin yarinyar na zubewa, ta ce a gwada taliyom. Aka gwada, shi ne, yarinyar ta rayu. Wanda ke bayan kisan a littafin ban faɗa ba, wannan na bar miki.

Uwar Biyu

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba, zan nemi na Forsyth ɗin, tunda ka ce shiri ya fi harbi yawa a ciki. Abin da ke gundurata a irin waɗancan shi ne jarumin da ake harbi a kafaɗa ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da gudu. Na ga raunin harsashi da idona, na san yadda kafaɗa take komawa, daga nan sai littafin ya fita raina. Malam mai littattafai, labarin jaririyar nan ya taɓa ni ƙwarai, kuma wannan salon shi nake nema: a bar mutanen labarin su yi ta zargin sihiri yadda ƙanwata 'Yar Zazzau ta ce, domin haka muke, amma a samu mutum ɗaya da zai ce a kawo kofin shayin nan a duba.

Ƙanwata, maganarki ta sa na yi tunanin wani abu da ya fi aljanin girma. Labarin bincike irin na Turawa a kan gawa yake tsayawa: likita ya buɗe ta, ya faɗi lokacin mutuwa, ya faɗi abin da ke cikin ciki. Mu kuwa wanda ya rasu da asuba kafin azahar an kai shi makwancinsa, kuma haka addini ya koya mana, a gaggauta. A wurin aiki na sha ganin mutuwar da likita ya so a bincika, dangi su ce a'a, kwana ne ya ƙare, mun bar wa Allah. Kafin wani ya yi tunanin kofi an wanke shi, an share ɗaki, an shimfiɗa tabarmin zaman makoki. To marubucin Hausa da ya kwaikwayi ɗan sandan Landan mai ɗaukar zanen yatsa zai rubuta abin da mai karatu bai taɓa gani a unguwarsu ba. Ina jin shi ya sa wasu in sun rasa mafita suke rugawa wurin boka.

Amma muna da abin da ya fi zanen yatsa, wato idon mutane. A gidan Bahaushe mai mata uku babu abin da ke wucewa ba a gani ba. An san wadda ta canja zane da rana tsaka, an san wanda ya yi sallama da wanda ya shigo shiru, almajirin gidan ya san wa ya aike shi kemis da kuma abin da aka rubuta a takardar. Mai wankan gawa tana ganin abin da likita bai samu gani ba: launin farce, kumfa a baki, tabo a wuya. A cikin masu binciken da Christie ta ƙirƙira, Miss Marple ta fi kwanta min a kan Poirot saboda wannan. Tsohuwa ce a ƙauyen St Mary Mead, ba ta da ofis ba ta da bindiga, saƙa take yi tana sauraro, kowa na raina ta yana sakin baki a gabanta, ita kuwa ta san halin mutane don ta daɗe tana kallonsu.

Mu wa zai yi wannan aikin? Dillaliya. Tana shiga kowane gida ba a yi mata iso, har ƙuryar ɗaki. Ta san wadda ta sayar da sarƙar gwal a ɓoye da ranar da ta sayar, ta san wadda ta ci bashin adashi, ta san amaryar da ta ce ta kwana gidansu alhali ita ta gan ta a wani wuri. Ko ungozoma, ko mai kitso, wadda kai ke kan cinyarta awa biyu ana zuba mata zance. Da a littafin nan dillaliya aka sa ta bi maganar shayin, daga kicin zuwa hannun 'yar aiki zuwa turaka, tana haɗa abin da wannan ta faɗa da abin da waccan ta ɓoye, da ko direban ne da na cinka ba zan ji an rage min komai ba. Zan so in ga yadda aka kama shi da dalilin da ya sa ya yi.

In akwai wanda ya san littafin Hausa da aka gina haka, mace ko namiji na cikin unguwa ya warware kisa da lura da tambaya kawai, don Allah a faɗa min sunansa da inda zan same shi, na takarda ne ko na waya.

'Yar Zazzau

Anti, zan tambaya a rukunonin da nake ciki, akwai marubuta a ciki da yawa. Kuma zan tura musu maganar dillaliyar nan yadda kika faɗe ta, da ta mai wankan gawa, in kin ba ni izini.

Uwar Biyu

Na ba ki, ƙanwata. Ki ƙara musu da cewa su rubuta babin ƙarshe su ajiye kafin su turo na farko, kuma ko an cinka a rukuni kada su canja.